Birkin Jan Babur

Wani makanike na wanke hannu da fetur aka turo jan babur cikin rumfarsa. Mai babur ɗin, wani dogo mai gaggawa, ko sallama bai yi ba.

"Malam, birkin gaba ne ke wasa. Ɗan ɗaure min noti in wuce."

Matar makaniken, wadda ta kawo masa abincin rana, ta dubi babur ɗin, ta dubi mai shi, kwanon ya kusa suɓuce mata. Ta sunkuya kusa da kunnen mijinta.

"Maigida, ka kore shi. Wallahi kada ka taɓa wannan babur."

"Miƙo min doguwar sifanar nan," ya ce da ita.

Ya ja kujerarsa zuwa gaban taya. Kafin mai babur ya ankara, ya zare makulli ya jefa aljihu. Ya kwance birkin gaba ɗaya. Takalmin birkin ya cinye har ƙarfe, noti ɗaya an murɗe shi da ƙarfin tsiya har ya tsage, ɗayan kuwa da yatsa ma juyawa yake.

"Kai, wa ya sa ka? Ɗaurewa kawai na ce!"

Makaniken bai ɗago ba. Ya sa sabon takalmi da sababbin notuna. Sannan ya ɗauki sifanar awo, wadda ake saita mata iyakar ƙarfin da noti ke buƙata. Ya saita, ya ja a hankali har ta ce ƙas.

Mai babur ya yi ta zage-zage, har da barazanar kiran 'yan sanda. Maƙwabta suka taru.

"Kira duk wanda ka ga dama," in ji makaniken. "Babur ɗin nan ba zai hau titi da wannan birkin ba, ko da za a rufe rumfar nan yau."

Noti na biyu ya ce ƙas. Ya juya taya, ya matse birki, ta tsaya cak. Sai a sannan ya miƙa makulli.

Mai babur ya fizga, ya yi tsaki, ya tafi ko waiwaye babu.

Matar ta share ido, ta miƙo wa mijinta sandunansa. Ya miƙe kan ƙafarsa ɗaya da ta rage, yana bin jan babur ɗin da kallo. Har mai babur ɗin ya ɓace bai gane cewa wannan makaniken ne ya kaɗe da babur bara ya gudu ba.