Sunan Ɗan Fari a Ƙofar Tasha

Tun da aka kafa dokar shaidar hali, ba mai fita daga Malumfashi sai munduwar auna hali da ke hannunsa tana nuna kore, kuma mahaifinsa ya tsaya gaban ƙofar tasha ya ambaci sunansa. Hashimu ya samu wurin koyon walda a Jos, amma mahaifinsa ya rasu, sai ya zo da mahaifiyarsa, Inna Delu.

Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi, kunya ba ta taɓa barin sunansa ya fito daga bakinta ba.

Ta matsa kusa da ƙofar ta ce, "Wannan yaron ba shi da mugun hali."

Ƙofar ba ta motsa ba.

"Iya, ƙarfe ne fa, ina ya san wannan yaron?" in ji ɗan kamasho yana dariya. "Mota ta kusa cika."

"Inna, mu koma gida," in ji Hashimu. "Na fasa."

Ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafinta, sannan ta ce a hankali, "Hashimu."

Ƙofar ta buɗe, layi ya tura shi ciki. Bai taɓa sanin sunansa yana da daɗi haka ba. Ya waiwayo, sai ya ga munduwarta ta koma ja, domin kunya ma tana cikin abin da ake aunawa. Mai jar munduwa kuwa ba ya ƙetare ƙofar nan.

Ta ja mayafi ta rufe hannun, ta ɗaga masa ɗayan.

"Wuce mana, kai yaro," ta ce. "Kada mota ta bar ka."