Gayyar Inna Tasalla

Tun da aka kafa ƙofa mai magana a bakin kowane zauren taro, ba mai shiga sai ta karanta fuskarsa ta cire kuɗin tikiti, kamfani ya kwashe rabi. Ƙungiyar iyayen masu sikila ta Funtuwa ta kusa fasa wasan da take tara kuɗin magani da shi.

Shugabarta, Inna Tasalla, ta tsaya gaban ƙofar. "Ke, wa kike bari kyauta?"

"Ma'aikatan taro kawai," in ji ƙofar. "Inna, kin rame tun bara."

Inna ta ja mayafi, ta bi gida-gida tana shela: "Bana gayya ce, kowa ya riƙo aikinsa."

Da la'asar sai ga gari ya fito. Liman da tsintsiya, mahauta da benci a ka. Ƙofa na ta cewa, "Ma'aikaci, wuce." A ciki kowa ya zuba kuɗinsa cif a ƙwaryar Inna.

Hansatu, ɗaya daga cikin iyayen, ita ce ta zo hannu wofi, goye da 'yarta da ciwon ya tasar wa.

"Mene ne aikinki?" in ji ƙofar.

Inna ta daka wa ƙofar tsawa: "Kin ga ramata, ba ki ga goyonta ba?"

"Ma'aikaciya, wuce," in ji ƙofar, sannan ta buɗe.