Kwalbar Zumar da Aka Dawo da Ita

Kwalbar ta dawo a cikin kwalin da aka aika ta, ko cokali biyu ba a ɗiba ba. Ruwaida ta dire ta a kan teburin shagonta na Yelwa, ta tsaya tana kallonta kamar wadda aka aiko wa da zagi.

Shekara uku ke nan tana sayar da zuma a wata manhajar kasuwanci ta waya, ba a taɓa dawo mata da ko murfi ba. Sunan shagon Zumar Manga, sunan mahaifinta ke nan, dattijon da ke da amya a dajin bayan Sunkani tun kafin a haife ta. Shi ke cira. Mijinta Sirajuddeen ke ɗaukowa a babur, ya tace a gida ya ɗura a kwalabe. Nata hoto ne da ciniki da amsa waya.

Mai ƙorafin wata ce Keziah, a unguwar Nukkai. Abin da ta rubuta a manhajar gajere ne: zumar haɗi ce, an dafa sukari an gauraya. Ta ƙara da cewa zumar bazara ƙanshin furen ɗorawa take yi, wannan kuwa ƙanshin tukunya.

Masu manhajar suka ba Ruwaida zaɓi. Ko ta mayar da kuɗi a rufe magana, ko a dakatar da shagonta sai an warware.

"Ki mayar mata kawai," in ji Sirajuddeen, idonsa a kan sabuwar wayarsa. "Kwalba ɗaya ce fa. Mene ne na jan magana?"

"Idan na mayar, na yarda ke nan Baba maha'inci ne. Su rufe shagon."

Suka rufe. Odar da ke layi ta zube ɗaya bayan ɗaya. Wata mai gidan abinci da ke saye duk wata ta kira tana kame-kame, wai a ɗan jinkirta tukuna. Ruwaida ta ce a jinkirta har abada ma, ta kashe wayar.

Ba ta buɗe kwalbar da aka dawo da ita ba. Wa ya san abin da aka zuba a ciki kafin a maido? Ko da ma ta buɗe, tun da cikinta ya fara girma likita ya raba ta da duk wani abu mai zaƙi. Kuma ita ba ta bukatar harshe ya ba ta shaida. Ta ga hannuwan mahaifinta sun kumbura da harbi shekara da shekaru. Ko a makon jiya da suka yi waya, yana cewa ƙudan zuma sun yi rowa bana, ya tambaye ta ko har yanzu da sauran zuma a shagon. Ta ce Alhamdulillahi, kanta cike take. Ya ce Allah ya ƙara albarka. Mutum irin wannan za a ɓata wa suna saboda wata mai neman zumar banza?

Ta tura wa masu manhajar hoton amyoyin, da bidiyon tsohon yana hura hayaƙi. Ta rubuta wa Keziah cewa ta san irinsu, masu shanye rabi su cika da ruwa su ce a biya su. Amsar ta zo ba zafi: ba a son kuɗi, ko an turo za a maido. Mai shagon ta zo da kanta, ta riƙo wata kwalbar da ba a fasa ba.

Sirajuddeen ya ce tarko ne, ba inda za ta da wannan cikin. Ya ce shi zai je ya kashe wutar. Da ta ƙi, ya ce to shi zai zaɓo mata kwalba daga gida. Ta ce ta kan kantar shago ma ta isa, ai duk zumar ɗaya ce. Ta miƙa hannu ta sauko da wadda ta fi kusa, ta tare keke.

Duk hanyar Nukkai tana jera maganganun da za ta yaɓa wa matar. A gaban maƙwabta za ta fasa murfin, a ɗiga a ruwa, a shafa a ashana, duk gwajin da suka ga dama. Sannan a janye ƙorafin a rubuce, a kuma nemi afuwar tsohon da aka ci wa mutunci yana can daji bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wata matashiya sanye da kayan ma'aikatan asibiti ta buɗe ƙofa.

"Kai ne mai zuma?" ta tambaya da Hausarta ta 'yan koyo.

"Ni ce. Ke ce Keziah mai cewa ubana ɓarawo ne?"

"A'a fa, ni waya kawai na ba da aro, na rubuta abin da an faɗa mini. Mai ƙorafin da babana abokai ne tun a ƙauye. Mai magana yana ciki."

Ruwaida ta ture labulen, kwalbar a ɗage a hannunta, bakinta cike da magana.

A kan tabarma mahaifinta ne zaune, bai ko ɗago kai ba. "Jarka ɗaya tak na ba mijinki bana, Ruwaida," in ji Baba Manga. "Wannan da kika cika kanta da ita da sunana, daga wace amyar ta fito?"