Kogi Ɗaya, Ma'auni Uku

Tunda ka zo mini da zancen sabon tsarin da za ku kafa na aika wa manoma labari ta waya, zauna ka ji wannan misali tukuna. Na ga tsare-tsare da yawa sun zo sun wuce, har na gaji da yi musu maraba.

Wani manomi ne yake da gonar shinkafa a fadama, can ƙasan wani kogi da ke gangarowa daga ƙasar Zabarmawa. A shekarar shinkafarsa ta yi kyau, ta sunkuyar da kai, saura ƙiris ta nuna. Ita ce abincin gidansa na shekara, ba shi da wata gonar. Sai kogi ya fara cika. Abu biyu ne a gabansa: ko ya yanke ta ɗanya ya tashi da rabi, sauran duk ƙaiƙayi, ko ya ƙara mata 'yan kwanaki ya yi caca da ruwa. Kuma kada ka ce labari ya rasa, labari har ya yi masa yawa. Surukinsa, wani masunci da ke zaune can sama, ya aiko ta bakin mai kwalekwale cewa ruwa ya shanye dutsen wanki. Mutanen can da wannan dutse suke awo tun kaka da kakanni, kowa ya ji haka sai ya kwashe kayansa ya hau tudu. Shi kuwa manomin bai taɓa ganin dutsen ba, bai san ko tsayin gwiwa ne ko na raƙumi ba. A rediyo ma'aikatan ruwa suna karanto mita kaza da ɗigo kaza daga wata sanda da suka kafa a gindin gada, amma ba mai faɗin a mita nawa ruwa yake shiga fadama. Ga kuma wata ƙungiya tana turo masa saƙo a waya cewa kogi yana mataki na biyu. Wannan kam ya ji kamar ya gane, don bara wata ƙungiyar ta yi aiki a yankin, a wurinta mataki na biyu ruwan wanke ƙafa ne. Sai dai waccan ta naɗe tabarmarta ta tafi. Ta bana daga sama take ƙirgowa: na ɗaya halaka, na biyu ƙaninsa. Ba wanda ya tuna ya gaya masa an juya tsanin.

Abin takaicin, kafin damina an yi taro a kan wannan magana. An kira masunta, an kira ma'aikatan ruwa, an kira 'yan ƙungiya, kowa ya yarda cewa ma'auni ɗaya shi ne alheri, in dai nasa za a ɗauka. Masunta suka ce ba za su bar dutsen iyayensu don sandar bature ba. Ma'aikata suka ce su da dutse sai dai a gini. 'Yan ƙungiya suka ce na'urarsu haka aka tsaro ta, ba ta jin gyara. Aka ci shinkafa da kaza, aka ɗauki hoto, aka watse.

Manomin bai zauna ba, ya yi yawo har ƙafarsa ta kumbura. Mai kwalekwale ya ce shi saƙo aka ba shi, bai san fassararsa ba. Malamin gona ya ce shi iri da taki ya sani, a tambayi mutanen ruwa. Mutanen ruwa suna birni. Ya dawo gona a gajiye, ya tsinki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, ya ji har yanzu da madara a cikinta. Tausayin shinkafar ya kama shi, ya ga yanke ta yanzu zalunci ne. Ya sake duba wayar, ya ga biyu, ya ce a ransa biyu ai ba komai, bari a kai bayan ranar kasuwa. Ranar kasuwar da hantsi ruwa ya shigo. Shi da matarsa suka faɗa ciki da lauje, ruwa iya ƙirji, suna yanka suna ɗorawa a ka. Ɗan abin da suka tsamo ma kafin ya bushe ya yi tsiro ya lalace. Da surukin ya zo jaje, yana sauka daga kwalekwale ya ce, "Haba, ai na aiko maka!" Manomin ya kalli ruwan da ya kwanta inda gonarsa take, sannan ya ce, "Ka aiko. Kowa ma ya aiko."

Ka ga, ba wanda ya yi masa ƙarya, ba wanda ya ɓoye masa komai. Gaskiya uku ya riƙe a hannu, ya rasa wadda zai ci. Don haka kafin ku sayo na'ura, ku je ku zauna da masu dutse da masu sanda, ku sha wahalar da aka guje wa a wancan taro, har a tsayar da awo ɗaya wanda Bazabarme da Bahaushe da Bafulatani za su faɗa kowa da harshensa, ma'anar ta fito iri ɗaya. In ba haka ba, ma'auni na huɗu kawai za ku ƙara wa mutumin nan. Masu iya magana sun riga sun faɗa: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.