Awon Dela

Lauwali da kansa ya kai ƙarar matarsa gaban dagaci.

Shekarar da fara ta cinye gonakin ƙasar Roni ce. Dagaci ya buɗe rumbun zakka, ya sa Lauwali ya riƙa auna wa maza gero, matarsa Dela tana auna wa mata. Kowa ƙwarya ɗaya, a shafe.

"Ranka ya daɗe, ni shafewa nake yi," in ji Lauwali. "Ita kuwa in ta ga mai goyo, sai ta cika mata har da tozo. Hatsin jama'a ne. Ko matata ce, a hukunta ta."

Dela na durƙushe a gefe.

Dagaci ya sa aka auna ragowar da ke hannunta. Lissafi ya cika cif, babu giɓi.

"To, 'yar nan, ƙarin daga ina?"

"Allah ya ba ka nasara, daga rumbun maigidana nake ɗebowa. Jiya na share shi tas, har da irin shuka."

Lauwali ya ɗaga kai. Hadarin farko na haɗowa daga gabas.