Sabuwar Zuciyar Alhaji Hadi

Zoben ƙarfen da ke yatsan Alhaji Hadi Mai-Taki ya daina fita tun shekarar da ya fara ƙiba. A asibitin unguwar Mohandessin da ke Alƙahira an gwada sabulu, an gwada zare, aka haƙura. Da zobensa aka kwantar da shi.

Abin da ya kawo shi Alƙahira kowa ya gani a gida. Yana tsakiyar jawabi a filin ƙwallo, yana alƙawarin rijiyoyin burtsatse, ya dafe ƙirji ya kife. Likitoci suka ce jijiya ce ta toshe, wani sashe na tsokar zuciya ya mutu. Dattawan jam'iyya suka zo dubiya da kwandon lemo, suka koma suna cewa ba a ba mai faɗuwa takarar sanata. Ga zaɓen fid da gwani yana tafe a ƙarshen 2014.

Dakta Hussain ya yi bayani da zane a kan allo. Za a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, a tace ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a kai su zuciya. Wataƙila su ɗan gyara inda ya mutu. Mai fassara ita ce Mahasin, ma'aikaciyar jinya 'yar Sudan, wadda kakanninta Hausawa suka yada zango a can kan hanyar Makka ba su ƙarasa ba. Ta nanata "wataƙila". Alhaji ya ji komai ban da wannan kalma.

Cikin 'yan rakiya akwai ƙanensa Sulaimanu, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi mai zuwa gona da ƙafa. Shi ke zuwa gaisuwar mutuwa da sunan Alhaji, shi ya karɓa masa aure, shi ya yi masa jifan Shaiɗan a Mina shekarar da aka yi zafi. Tsofaffin rigunan yayansa yake sawa. Da aka fito da allurar ɓargo, Alhaji ya dube ta, ya dubi Sulaimanu.

"Ma'alesh, ya Hajj," in ji Mahasin. "Yi haƙuri, naka ɓargon ake so."

Ya kwanta yana salati, aka yi aikin.

Bayan wata shida suka dawo Alƙahira, suka kama gida a unguwar Zamalek. Saura a ɗauki hoton zuciyar a ga abin da ƙwayoyin suka yi. Asibitin ba shi da na'urar, don haka aka tura su wata cibiya a unguwar Dokki, inda ake bin layi, a tuɓe wa mutum kaya, a raba shi da duk wani ƙarfe, a cusa shi cikin wani rami mai ƙara kamar injin niƙa. Ranar, mota ta fita da sassafe da fasfon Alhaji da babbar rigarsa. Ta dawo bayan azahar, lokacin da ɗaliban jiharsu da suka zo gaisuwa suke wanke hannu bayan tuwo.

Dakta Hussain ya daɗe yana kallon hoton. A da, cikin kashi ɗari na jinin da ke cikinta, talatin kawai zuciyar ke iya turawa. Yanzu ta haura sittin. Tabon ma babu shi. Ya karanta duk binciken da aka yi a kan wannan magani, ya san mafi sa'a ɗan ƙari kaɗan yake samu. Ya duba suna, ya duba lambar fasfo, komai daidai. Mutum ne mai taka-tsantsan, amma an daɗe ana kiran wasu su yi jawabi a tarukan likitocin Turai, shi yana cikin masu tafi. Kafin mako ya ƙare ya aika wa masu shirya tarukan da hoton.

Alhaji kuwa ya sa aka buga shi a fosta, kusa da fuskarsa, da rubutu: Zuciya Sabuwa Fil. Ya tsaya a baranda ya zazzage ƙwayoyin maganinsa cikin kwandon shara, ya ce mai lafiya ba ya shan magani. Dattawan jam'iyya suka bugo waya, suka ce su dama ba su taɓa shakka ba. Wani kwamishina da wani basarake suka fara neman biza.

Mahasin ce kaɗai ba ta yi murna sosai ba. Ranar da za a ɗauki bidiyon shaidarsa don tallan asibitin, wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba a shekarar, lif ya tsaya. Alhaji ya hau bene yana hutawa a kowace kwana, leɓensa ya yi toka-toka. Ya ce hayaƙin motocin Alƙahira ne. Sulaimanu ya wuce su da jaka biyu, ya dawo ya ɗauki ta uku.

Da wuta ta dawo aka zaunar da Alhaji gaban kyamara, Dakta Hussain a gefensa cikin sabon kwat. Alhaji ya gode wa Allah, ya gode wa Masar, ya yi wa 'yan adawa habaici.

"Tamam," in ji Dakta. Ya sa Mahasin ta roƙi Alhaji ya kwantar wa masu zuwa hankali, don mutane da yawa na tsoron na'urar hoton. Me ya ji sa'ad da yake kwance a cikinta?

Alhaji ya murza zobensa, ya waiwaya.

"Sule, matso ka faɗa musu. Ai kai ka wakilce ni."