Gonar Baba

Tana ɗauke da tiren shayi ta hango hannun wani baƙo a kan sikelin yayanta. Yatsunsa uku ne. Ta san wannan hannun. Daga ƙarƙashin rumbu ta gan shi riƙe da bindiga, ranar da aka ƙone ƙauyensu aka kashe mahaifinta a gona.

Tun ranar take zaune a gidan yayanta, mai sayen zinariya a hannun masu haƙa. A ganinta nan ta tsira.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta matsa kusa da yayan.

"Yaya, zo ka ji," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ajiye shayin tukuna, Auta. Ba ki ga ina awo ba?"

Baƙon ya kwance ƙulli, ya zazzage garin zinariya.

"Yau ba kuɗi nake so ba, harsashi za ka samo mini."

"An gama," in ji yayan.

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauki kofi da yatsun nan uku.

"Gaskiyarka, maigida. Gonar babanku da ka nuna mana, duk inda muka tona sai zinariya."